Murar aladu: Yadda take kama aladun gida da na daji

Murar aladu cuta ce ta numfashi da ake samu a kusan duk inda ake kiwon aladu da yawa a duniya. Ba kasafai take kisa ba. Garke kan kwanta baki ɗaya cikin kwana biyu ko uku, sannan ya miƙe bayan mako guda.

Duk da haka masana harkar lafiya sun fi sa mata ido a kan wasu cututtukan dabbobi da suka fi ta ɓarna, saboda a jikin alade ƙwayoyin murar mutane da na tsuntsaye kan haɗu su haifar da sabon iri. Irin wannan haɗuwa ce ta jawo annobar shekara ta 2009, wadda ta shiga har ƙasashen da ba su da al'adar kiwon alade.

Mece ce murar aladu?

Ƙwayar da ke haddasa cutar bairos ce daga rukunin da masana ke kira Influenza A. Wannan rukuni ne kuma ke haddasa murar tsuntsaye, da galibin mura mai tsanani da ke kwantar da mutane a lokacin sanyi. Asalin mazauninsa shi ne tsuntsayen ruwa na daji, kamar agwagi da dinya, kuma daga can ne ya riƙa tsallakawa zuwa kaji da dawaki da aladu da mutane.

A bayan kowace ƙwaya akwai wasu sinadarai biyu masu kama da ƙayoyi. Na farko, wanda ake yi wa alama da harafin H, da shi take maƙalewa a jikin ƙwayar halittar dabbar da ta shiga. Na biyu, mai harafin N, shi ke tsinko sabbin ƙwayoyin da aka haifa domin su bazu. Da waɗannan haruffa ake raɗa wa nau'o'in cutar suna. Uku daga cikinsu ne suka zauna daram a jikin aladu: H1N1 da H1N2 da H3N2.

Sai dai suna ɗaya ba ya nufin asali ɗaya. Nau'in H1N1 da ke yawo a aladun Turai daban yake da wanda aka daɗe da sani a Amurka ta Arewa, kuma allurar riga-kafin ɗayan ba lalle ta yi maganin ɗayan ba.

Yaya cutar ke kama alade?

Ƙwayar tana shiga ta hanci, ta sauka a kan tattausar fatar da ta lulluɓe cikin hanci da maƙogwaro da hanyoyin iska na huhu. A nan take hayayyafa, tana kashe ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne share majina da ƙura daga huhun. Daga shigarta zuwa bayyanar alamu, kwana ɗaya ne zuwa uku.

A garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, cutar kan zo kwatsam. Mai kiwo zai bar dabbobinsa lafiya lau da yamma, da safe ya tarar sun ƙi abinci, sun cure wuri guda a kwance, ba sa son motsi ko da an kore su. Zafin jikinsu, wanda a ƙa'ida yake kusa da digiri 39 a ma'aunin Salshiyas, yakan haura 40 da rabi, wani lokaci ya kusa 42. Sai atishawa, da majina, da jan ido mai hawaye, da numfashi da ƙyar wanda ake iya gani a motsin ciki. Da an tashe su sai tari mai ƙarfi ya sarƙe su, mai kama da haushin kare.

Kusan duk dabbobin garken na iya kamuwa, amma waɗanda ke mutuwa ba su cika wuce ɗaya cikin ɗari ba, muddin wata cutar ba ta shigo ba. Yawanci sukan warware cikin kwana biyar zuwa bakwai. Idan likita ya buɗe huhun wanda ya mutu, yakan ga sassan gaba da na ƙasa sun yi tauri, sun koma ja mai duhu, da iyaka a fili tsakaninsu da sashen da ke da lafiya.

Babbar asarar mai gona tana zuwa ne ta wasu hanyoyin. Aladun da ake turkawa domin kasuwa sukan rame, su ƙara kwanaki suna cin abinci kafin su kai nauyin sayarwa. Zazzaɓin kan sa mata masu ciki su yi ɓari, ko su haifi 'ya'ya raunana. Mafi muni kuma shi ne ƙofar da murar ke buɗe wa wasu cututtuka. Huhun da ta ɗaye ba ya iya tare bakteriya irin su Pasteurella da Mycoplasma, daga nan sai ciwon huhu mai tsanani ya biyo baya, wanda galibi shi ke yin kisan.

Ƙwayar ba ta cika fita daga hanyoyin numfashi ba, kuma ba ta zama a cikin tsoka. Shi ya sa hukumomin lafiya ke nanata cewa ta numfashi ake ɗaukarta.

Ta yaya take yaɗuwa a gona?

Aladen da ya kamu yakan fara fitar da ƙwayar a majinarsa tun kwana ɗaya bayan kamuwa, ya ci gaba har kwana bakwai zuwa goma. Aladu dabbobi ne masu yawan haɗa hanci da juna, saboda haka ba ta shan wahalar samun na gaba. Tari da atishawa suna watsa ta a iska, musamman a rufaffen ɗaki, sannan hannuwan ma'aikata da tufafinsu da motocin jigila kan kai ta daga wannan ɗaki zuwa wancan. Sabuwar gona kuwa ta fi shiga ne ta hanyar dabbar da aka sayo, wadda ke ɗauke da ita ba tare da nuna alama ba.

A da, a ƙasashe masu sanyi, cuta ce ta kaka da hunturu, mai zuwa ta wuce. Manyan gonakin zamani sun sauya wannan. A gonar da ke da dubban aladu ana haihuwa kowane mako. Jariran kan sami kariya daga dakashi, wato nonon farko na uwa, amma kariyar tana raguwa cikin 'yan makonni, kuma ko lokacin da take da ƙarfi ta fi rage tsananin ciwon a kan hana kamuwa. Don haka kullum akwai sabon rukuni na ƙanana da ƙwayar za ta koma kansu, galibi bayan yaye. Ta haka takan zauna a gona guda shekara da shekaru, ba tare da an ga wata babbar ɓarkewa ba.

Cinikin aladu masu rai tsakanin ƙasashe shi ma ya taka rawa. Ta wannan hanya nau'o'in Turai da na Amurka suka isa Asiya, inda suka gamu da juna. Ƙasar Sin kaɗai tana da kusan rabin aladun duniya.

Yaushe aka fara sanin cutar?

A shekarar 1918, lokacin da annobar mura da ta hallaka miliyoyin mutane ke ratsa duniya, wani likitan dabbobi na gwamnatin Amurka mai suna J. S. Koen ya lura da wata sabuwar cuta a aladun jihar Iowa. Ya ga alamunta sun yi kama da na mutane, kuma sau da yawa idan iyali suka kwanta sai garkensu ya bi baya. Shi ne ya fara kiranta mura, abin da bai yi wa masu sana'ar naman daɗi ba.

A 1930 Richard Shope na cibiyar bincike ta Rockefeller ya yi nasarar ware ƙwayar daga jikin aladu marasa lafiya. Sai bayan shekara uku, a 1933, masana a London suka ware ta mutane. Wato a jikin alade aka fara kama ƙwayar murar dabbobi masu shayarwa. Wannan nau'i na H1N1, ɗan uwan na 1918, ya zauna a aladun Amurka kusan shekara tamanin bai sauya sosai ba.

A wasu wuraren kuwa abubuwa sun yi ta sauyawa. Bayan annobar murar Hong Kong ta 1968, nau'in H3N2 na mutane ya shiga aladun Asiya da Turai. A 1979 wani H1N1 na agwagin daji ya tsallaka baki ɗayansa zuwa aladun Turai, aka fara ganinsa a Beljiyam, kuma cikin 'yan shekaru ya mamaye nahiyar. A 1998 kuma aka fara ganin H3N2 a aladun Amurka, ciki har da wani nau'i mai asali uku: wani sashensa na mutane, wani na tsuntsaye, wani na aladu.

Tun kafin wannan, cutar ta taɓa girgiza Amurka. A farkon 1976 ta ɓulla a barikin soja na Fort Dix da ke jihar New Jersey, ta kama sojoji sama da 200, ɗaya ya mutu. Gwamnatin shugaba Gerald Ford ta ji tsoron maimaituwar 1918, ta yi wa mutane sama da miliyan 40 allura. Annobar ba ta zo ba, kuma a watan Disamba aka dakatar da shirin, bayan an ga ƙaruwar wata cutar shanyewar jijiyoyi mai suna Guillain-Barré a tsakanin waɗanda aka yi wa allurar.

Me ya sa masana ke damuwa da alade?

Kayan gadon ƙwayar mura sun kasu gida takwas ne, kowane sashe da kansa. Idan nau'i biyu suka shiga ƙwayar halitta guda a lokaci ɗaya, 'ya'yan da za su fito na iya ɗaukar wasu sassan daga wannan, wasu daga wancan. A lissafi, haɗuwar nau'i biyu na iya ba da haɗi 256 daban-daban. Akasarinsu ba sa zuwa ko'ina. Amma jefi-jefi akan sami wanda ke iya yaɗuwa tsakanin mutane, alhali garkuwar jikinsu ba ta san shi ba. Daga irin wannan ne annoba ke tashi.

Kafin nau'i biyu su haɗu, dole su sami dabbar da dukansu za su iya kamawa. Ƙwayar murar tsuntsaye da ta mutane ba irin maƙali ɗaya suke nema a jikin ƙwayar halitta ba. Hanyoyin numfashin alade suna da duka biyun: irin wanda murar mutane ke so ya fi yawa a hanci da maƙogwaro, wanda ta tsuntsaye ke so kuma yana can cikin huhu. A tsakiyar shekarun 1980 wani masani Bajamushe, Christoph Scholtissek, ya kwatanta alade da tukunyar da ake gauraya ƙwayoyin mura a cikinta.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa huhun mutum ma yana da maƙalan iri biyu. Abin da ya bambanta alade shi ne yanayin rayuwarsa: yawa, da cunkoso, da gajeren kwana, tunda galibi yana wata shida ake kai shi mayanka a kawo sabo, da kuma kusanci da mutane da kaji a kullum.

Ina matsayin aladun daji?

Aladen gida da aladen dajin Turai da Asiya jinsi ɗaya ne. Daga na dajin aka samo na gidan, kimanin shekaru dubu goma da suka wuce, a yankin da ke Turkiyya a yau da kuma ƙasar Sin, kuma har yanzu suna barbarar juna. Ana samun na dajin daga Spaniya har Japan, da kuma Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Iran da Pakistan. Duk ƙwayar murar da ta kama na gida tana iya kama na daji, kuma jikinsu ɗaya yake amsa mata.

Da wuya a ga aladen daji yana fama da murar, domin kafin a ci karo da shi ya warke. Saboda haka masu bincike sun fi dogara da jinin waɗanda mafarauta suka harbe, suna neman sinadaran kariyar da jiki ke ƙerawa bayan ya yi karo da cutar. An yi irin wannan bincike a Jamus da Spaniya da Italiya da Faransa, kuma galibi kaso kaɗan ne ake samu da shaidar kamuwa. Nau'o'in da ake gani kuwa su ne dai waɗanda ke yawo a gonakin yankin.

A Amurka labarin ya ɗan bambanta. Can babu aladen daji na asali. Turawan Spaniya ne suka kai aladu a ƙarni na 16, wasu suka tsere suka koma daji, daga baya suka gauraya da na dajin Turai da aka shigo da su domin farauta. A yau an ƙiyasta yawansu ya kai miliyan shida, a jihohi aƙalla 35. Wani bincike a kan jinin sama da dubu takwas daga cikinsu, da aka tara tsakanin 2010 da 2013, ya sami shaidar kamuwa da mura a kusan kashi biyar cikin ɗari. Mafi yawansu nau'in aladun gida suka ɗauka, amma an sami wasu da suka haɗu da na tsuntsaye.

Dalilin ƙarancin cutar a daji yana cikin yadda suke rayuwa. Matan da 'ya'yansu suna yawo ne a ƙananan ƙungiyoyi, manyan mazan kuma kowa shi kaɗai. Ƙwayar da ba ta wuce kwana goma a jiki guda takan gama da ƙungiya, ta rasa inda za ta nufa, ta mutu. Wannan ya sa masana da dama ke ganin cewa murar ta fi kwarara daga gona zuwa daji.

Amma hakan bai fitar da su daga lissafi ba. Aladen daji yana shan ruwa yana birgima a fadamun da agwagin daji ke sauka, yana cin mushen tsuntsaye, da dare kuma ya zo ya haɗa hanci da aladun gida ta tsakanin shinge. Shi ne dabbar da ke iya tsayawa tsakanin tsuntsun daji da gona. Mafarautan da ke feɗe shi ma suna cikin waɗanda ake gargaɗi.

Me ya faru a 2009?

A watan Afrilun 2009 aka gano wata sabuwar ƙwayar H1N1 a jikin mutane a Meziko da Amurka. Da aka bincika kayan gadonta sai aka ga sassa shida daga cikin takwas sun fito daga zuriyar nan mai asali uku ta aladun Amurka ta Arewa, sauran biyun kuma daga zuriyar da ta shiga aladun Turai a 1979. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a aladun tsakiyar Meziko haɗuwar ta auku, bayan shigo da aladu masu rai daga ƙetare, kuma ƙwayoyin sun yi shekaru suna yawo a can ba a lura ba.

Ranar 11 ga watan Yunin 2009 shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, Margaret Chan, ta ayyana cewa annoba ce da ta game duniya. An sanar da ƙarshenta ranar 10 ga watan Agustan 2010. Mutanen da gwaji ya tabbatar ita ta kashe su kimanin 18,500 ne, amma cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta daga baya cewa adadin na tsakanin 151,700 da 575,400 a shekarar farko. Saɓanin murar da aka saba, ta fi yin kisa a tsakanin waɗanda ba su kai shekara 65 ba.

Da zarar ta shiga mutane, ba ta sake buƙatar alade ba. Daga mutum zuwa mutum ta riƙa bi, saboda haka nisantar alade da namansa bai kare kowa ba. Ta shafi aikin Hajjin wannan shekara: a watan Yuli ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa suka amince a Alƙahira cewa a dakatar da tsofaffi da yara ƙanana da masu ciwo mai daɗewa, Tunisiya kuma ta soke tafiyar alhazanta ɗungurungum. Gab da fara aikin, hukumomin Saudiyya suka sanar da mutuwar maniyyata huɗu, daga Maroko da Sudan da Indiya da Nijeriya. A yau wannan ƙwaya ta zama ɗaya daga cikin murar da ke zuwa kowace shekara, kuma tana cikin allurar riga-kafin da ake yi duk shekara.

Shin kashe aladu ya yi amfani?

Sunan cutar ya jawo matakai da dama. Sin da Rasha sun hana shigo da naman alade daga wasu yankuna. A Kabul an killace alade ɗaya tilo da ke gidan namun daji, a Bagadaza kuma aka kashe aladun daji uku na gidan namun dajin birnin. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya ta ce sunan bai dace ba, tunda a lokacin ba a sami ƙwayar a jikin alade ko ɗaya ba, kuma a ƙarshen Afrilu WHO ta daina amfani da shi.

Masar ce ta fi kowa yin nisa. Ranar 29 ga watan Afrilu gwamnati ta ba da umarnin hallaka dukan aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali ba a sami cutar a jikin mutum ko dabba a ƙasar ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kuskure ne. Yawancin aladun na masu kwasar shara ne na Alƙahira, waɗanda galibinsu Kiristoci ne Kibɗawa, kuma da ragowar abincin da suke kwasowa suke ciyar da su. An yi arangama da 'yan sanda, kuma bayan 'yan watanni shara ta cika titunan birnin. Cutar kuwa ta shiga Masar a farkon watan Yuni, a jikin wata yarinya da ta iso ta jirgin sama daga Amurka.

Wa ya fi harbar wani, mutum ko alade?

Bayanan da aka tara daga kayan gadon ƙwayoyin sun nuna cewa mutum ya fi harbar alade nesa ba kusa ba. A watan Mayun 2009 aka sami sabuwar ƙwayar a wata gonar aladu a lardin Alberta na Kanada. Aladun Norwe ba su da murar kwata-kwata kafin wannan shekara, amma a watan Oktoba ta shiga garkunansu daga jikin mutane. Tun daga lokacin ta sake tsallakawa daga mutane zuwa aladu sau da dama a nahiyoyi daban-daban, tana gauraya da nau'o'in da ta tarar.

Daga alade zuwa mutum ma tana faruwa, amma jefi-jefi, kuma galibi a kan wanda ya kamu take tsayawa. A 2012 mutane 309 ne suka kamu da wani nau'in H3N2 na aladu a Amurka, akasarinsu yara da suka je bukukuwan baje kolin dabbobi, kuma mutum ɗaya ya mutu. A watan Nuwamban 2023 Birtaniya ta sanar da samun wani nau'in H1N2 na aladu a jikin mutum, karo na farko a ƙasar, kuma ya warke.

Yaya lamarin yake a Afirka ta Yamma?

A Nijeriya ana kiwon aladu a kudanci da kuma jihohin Binuwai da Filato da Adamawa da kudancin Kaduna, inda kasuwar Katsit da ke kusa da Kafancan ta yi suna. A ƙauyuka da dama sakinsu ake yi suna yawo tare da kaji da agwagi.

Masu bincike sun sami ƙwayar annobar 2009 a jikin aladun da ke yawo a arewacin Kamaru a 2010. An kuma same ta a aladun Legas da na Ghana da Togo. A duk waɗannan wurare shaidu sun nuna cewa daga mutane ta shiga dabbobin.

Murar tsuntsaye ta H5N1 kuma, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta sake dawowa Nijeriya a 2015. A wannan zagaye masanan cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom sun sami alamunta a jikin aladun da aka kai mayanka a Jos, waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau.

Waɗanne cututtuka ake rikita ta da su?

Ta farko ita ce cutar da ake kira PRRS, wadda ke taɓa numfashi da haihuwa. An fara ganinta a Amurka a 1987, a Jamus a 1990, kuma a 1991 aka ware ƙwayarta a garin Lelystad na Holan. Tana sa ɓari da mutuwar jarirai, wani lokaci kunnuwan dabbar su koma shuɗi. Wani nau'inta mai zafi ya yi mummunar ɓarna a Sin a 2006.

Ta biyu ita ce zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyanawa a Kenya a 1921. Yana iya kashe kusan duk garken da ya shiga. A wannan cuta aladun daji suna tsakiyar lamarin: gadu, wanda ake kira mugun dawa, yana ɗauke da ƙwayar ba tare da ta yi masa komai ba, kaskar da ke raminsa kuma ta kai ta gaba. Aladun dajin Turai kuwa mutuwa suke yi, mushensu ya harbi wasu. Cutar ta isa Jojiya a 2007, da Sin a 2018, kuma a 2020 ta yi ɓarna a babbar gonar Oke-Aro da ke kan iyakar Legas da Ogun.

Duka biyun sun fi mura jawo asara ga masu kiwo, amma babu wadda ke kama mutum.

Akwai magani ko riga-kafi?

Babu wani maganin da ake bai wa aladu domin kashe ƙwayar. Abin da ake yi shi ne a bar su su huta a wuri busasshe mai iska, a wadata su da ruwa, a ba su maganin sauƙar da zazzaɓi, sannan a yi amfani da magungunan kashe bakteriya idan ciwon huhu ya biyo baya.

Akwai alluran riga-kafi a Turai da Amurka, waɗanda aka fi yi wa iyaye mata domin kariyar ta bi ta nono. Matsalarsu ita ce ƙwayar tana sauya kama, kuma nau'o'in sun bambanta daga yanki zuwa yanki. A Amurka wasu gonaki kan sa a haɗa musu allura daga ƙwayar da aka samu a garkensu.

Sauran matakan na tsafta ne da taka-tsantsan: killace sabuwar dabba kafin a haɗa ta da garke, raba aladu da kaji da agwagi, yin shingen da zai hana na daji kusantowa, yi wa ma'aikata allurar mura, da hana duk mai mura shiga cikin dabbobi har sai ya warke.

Me masana ke sa wa ido yanzu?

A 2020 masu bincike a Sin suka ba da rahoton wani nau'in H1N1 da suka kira G4, wanda ya haɗa zuriyar Turai ta 1979 da sassan ƙwayar 2009. Sun ce ya zama mafi rinjaye a aladun lardunan da suka bincika tun daga 2016, kuma kimanin kashi goma cikin ɗari na ma'aikatan gonakin da aka gwada jininsu sun nuna shaidar haɗuwa da shi.

A watan Oktoban 2024 kuma aka sami H5N1 a jikin alade a Amurka karo na farko, a wata ƙaramar gona da ke jihar Oregon, inda aladu biyar ke shan ruwa wuri ɗaya da kaji da agwagi.

Babban giɓin da ya rage shi ne na sa ido. Da yake murar ba ta cika kashe aladu ba, ba ta cikin jerin cututtukan da ya wajaba ƙasashe su kai rahotonsu ga hukumar lafiyar dabbobi ta duniya. Mai gona kuma, wanda ya ga yadda kasuwa ta faɗi a 2009 da abin da ya sami masu kiwo a Masar, ba ya ɗokin kiran likita saboda tarin da zai wuce cikin mako guda. Saboda haka ne WHO da FAO ke kira ga ƙasashe su riƙa gwada aladu a gonaki da kasuwanni da mayanka a kai a kai, su kuma tabbatar wa masu kiwo cewa ba da rahoto ba zai jawo musu asarar dukiyarsu ba.